Ku daina gaya wa yara cewa kansu ba na lissafi ba ne

Har yanzu raina bai huce ba kan maganar 'yar yayata da na ba ku labari shekaranjiya. Yarinya ta faɗi jarrabawar lissafi sau ɗaya, zango ɗaya tak, sai malami ya kira ta gaban aji ya ce ta haƙura da ajin kimiyya, wai kanta ba zai ɗauka ba. Wallahi wannan zalunci ne. Wa ya buɗe kan nata ya duba?

Mu manya mu ke dasa wa yara tsoron kimiyya, ba da shi aka haife su ba. Yarinyar nan tun tana 'yar shekara tara take kwance tocila don ta ga inda haske yake fitowa. Yau ga ta tana kuka, tana cewa "Kawu, ƙila gaskiyarsa ne." Wannan kalmar ce ta fi ƙona min rai.

Ku je ku karanta tarihin Maryam Mirzakhani ta ƙasar Iran. A farkon sakandare ba ta taɓuka abin kirki a lissafi ba, burinta ma ta zama marubuciya. Da ta samu mai ƙarfafa mata gwiwa, ta ci lambar zinare a gasar lissafi ta duniya a 1994, ta sake ci a 1995 ba tare da ta rasa maki ko ɗaya ba. A 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar Fields, wadda masana lissafi ke ɗauka tamkar Nobel. Da an kore ta daga ajin tun zangon farko fa?

Michael Faraday na Ingila kuwa ɗan maƙeri ne, karatunsa na makaranta bai yi nisa ba, yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Littattafan da aka kawo ɗinki su ya riƙa karantawa. A 1831 ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki, kuma har gobe a kan wannan janareta ke aiki.

Na ga masu cewa ai ba kowa ne zai zama injiniya ba, sauran fannoni ma ilimi ne. Wa ya musa? A bar yaro ya zaɓa da kansa, kada a tura shi da gori. Masu cewa ko yarinyar ta karanta babu aiki kuma, ba ni da lokacinku yau. Wayar da kuka rubuto min wannan da ita, 'ya'yan wasu ne da ba a kashe musu gwiwa ba suka ƙera ta.

Malamai, don Allah, in yaro ya faɗi, ku duba inda ya ɓace. Sau da yawa darasi ɗaya ne ya wuce shi a baya, ya yi ta jan ƙafa.

Af, jiya muna bitar aljabara, wato lissafin da ake yi da haruffa, da 'yar yayar tawa, na gaya mata sunan ya fito ne daga littafin masanin lissafi Alkawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma "al-jabr" a Larabci har ɗorin karaya yana nufi. Ta yi dariya, ta ce ashe ɗori muke yi tun magariba. Saura tambaya shida, mun bar su sai gobe.