Me ya sa nake ɗaukar hoton tautau a Jidda

Jiya wani ɗan'uwa ya rubuto a ƙarƙashin hoton da na sa: "Malam, kana zaune a ƙasa mai tsarki, ka rasa abin ɗauka sai tautau?" Ba shi ne na farko da ya faɗa ba, kuma ban ji haushinsa ba. Amma maganar ta kwana a raina, gara in amsa a fili kowa ya ji.

A unguwar Gulail ta Jidda aka yanke min cibiya. Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan kafin ya samu kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. A unguwar nan ya mutu, a nan mahaifiyata ta aurar da 'ya'yanta. Ƙarshen 2021 aka fara rusau, ya ci Gulail da Bitrumin, ya bi ta kan Sabil da Karantina da Kandara. Muka kwashe kaya muka koma bayan gari kamar kowa. Bayan 'yan watanni, wani dare bayan isha'i, Inna ta ce da ni, "Ɗan nan, nuna min ƙofar gidanmu a wayar taka." Na zauna ina ta jan hotuna da yatsa. Biki, suna, faranti cike da kabsa, ni a gaban Ka'aba, ni a bakin teku. Ƙofar nan koriya ta ƙarfe da na shiga na fita ta cikinta shekara talatin, babu. Lallen da ta shuka a tsakar gida, babu. Dakalin mai tsire na bakin layi, wanda Larabawa ke yin layi a kansa suna cewa a ba su siriya, shi ma babu. Ta ce, "Ba komai," ta juya ta ci gaba da jan carbinta. Har yau "ba komai" ɗin nan yana min ciwo.

Bayan shekara na koma in ga filin. Ban iya gane inda ɗakinmu yake ba. Abin da na tarar tumfafiya ce ta tsiro a kan ɓaraguzai, a jikin ganyenta wata tsutsa mai zanen fari da baƙi da ruwan ɗorawa tana ci. Na durƙusa na ɗauka. Daga baya na san ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan mai launin lemo da baƙin gefe, kuma dafin ruwan tumfafiyar da take ci yana zama a jikinta, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarinta. Tun ina yaro ake hana mu taɓa nonon tumfafiya don kada ya shiga ido, ga wata halitta ta mayar da shi garkuwa. Daga ranar na fara.

Kayan aikina waya ce da wani ɗan gilashi mai ƙara girma da ake maƙalawa a kan kyamara, kuɗinsa bai kai na cin abincin rana biyu ba. Sauran duk haƙuri ne. Bayan sallar asuba nake fita, lokacin ƙwari ba su gama warwarewa ba. In ka fito daga ɗaki mai sanyin na'ura zuwa cikin damshin Jidda, gilashin zai yi hazo, dole ka jira ya washe da kansa. Sai ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ka riƙe numfashi, domin ko motsin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba zai iya ɓata hoton. Ido ake nema. In idon ya fito tangaran, ko ƙafafu sun dushe ba laifi.

Wanda ya fi sace min zuciya shi ne ƙaramin gizo-gizon nan mai tsalle da ke bin bango. Ba ya saƙa yana don kama abinci, laɓe yake yi wa ƙuda kamar kyanwa, ya daka tsalle, zare ɗaya yana biye da shi ko da zai kuskure. Idonsa takwas, biyu na gaba manya. Ranar da na fara samunsa sosai, ya juyo ya ɗaga kai ya dube ni, na ga hasken taga a cikin idanun nan biyu, sai da na ce subhanallah da ƙarfi. Mu da aka rena da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, muke wuni a yanar gizo, yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun ga fuskarsa ba, takalmi kawai muke ɗagawa. Akwai kuma zanzaro, da ya ɗebi laka ya yi gini a bayan tankin ruwanmu. Kwana uku ina binsa. Yana kamo ganima ya sumar da ita da harbi ba tare da ya kashe ba, ya cusa a ɗakin, ya yi ƙwai, ya liƙe ƙofa, don ɗansa ya tarar da abinci bai ruɓe ba.

Ga mai cewa wannan bai dace da mazaunin ƙasa mai tsarki ba, ya buɗe Alƙur'ani. Akwai Suratun Nahli ta ƙudan zuma, akwai Namli ta tururuwa, akwai Ankabut ta gizo-gizo, inda aka buga misali da raunin gidansa. Allah bai raina su ba. Ni wane ne?

Idon da tautau ya gyara min shi na ɗauka na shiga Balad, tsohon garin Jidda. Na sha ratsa Kasuwar Alawi ina sauri in sayi turare ko yadi, ban taɓa ɗaga kai ba. Ashe gidajen nan da dutsen murjani na teku aka gina su, ana jera katako a tsakanin sahun duwatsu don ya raba nauyi. In ka matsa kusa inda shafe ya zube, za ka ga ƙananan ramuka da zanen halittar ruwan a jikin dutsen. Tagogin katakon da suke turowa waje, roshan, an sassaƙa su yadda iska za ta shiga, na ciki ya ga waje, na waje bai ga ciki ba. Gidan Nasif, wanda aka gama a 1881 kuma Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa a 1925, har yanzu darbejiyarsa na tsaye a ƙofa. Ganuwar garin kuwa an rushe ta tun 1947. UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ana ta gyara, kuma na yi murna da haka. Sai dai Balad tana da masu ɗaukar ta, baƙi da manyan kyamarori kullum. Ta Bab Makka, wato Ƙofar Makka, kakanninmu suka bi da ƙunshin kayansu a ka, amma lungunan da suka zauna bayan sun sauke kayan ba wanda zai ɗauka mana su in ba mu ba.

Abu ɗaya nake roƙo ga duk wanda zai gwada: kada a ɗauki mutum sai da izininsa, balle mata. Doka ta hana, tarbiyya ma ta hana. Rannan a unguwar Harat Mazlum da ke cikin Balad wani dattijo ya gan ni a tsugune jikin bango ya ce, "Yaro, me ka yar?" Na ce, "Baba, saƙar gizo ce a cikin sassaƙar tagar nan." Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in zo in ɗauki ƙofar shagonsa, tun zamanin mahaifinsa take.

Yanzu a gidan hayar da muke, na ɗauki ƙofa, na ɗauki matakala, na ɗauki tukunyar na'a-na'ar Inna da ƙoƙi-ƙoƙin da ke fakewa a cikinta. Na wanko guda goma a takarda na ba ta, ta sa su a cikin akwatin da take ajiye fasfon kakana.