Bakano da Gonar Gabas

A wani shagon shayi a Abha, kudu maso yammacin Saudiyya, bayan la'asar.

Bazazzagi: Alhaji, ina dawar da ka ce za ka cika mota da ita?

Bakano: Bari kawai, Malam. Kafilina, ubangidan da ya tsaya min a ƙasar nan, ya nuna min gona biyu, ɗaya a gangaren yamma wajen dutsen Sauda, ɗaya a gabas. Na ce gonar da ke kallon alƙibla ai ba ta rasa albarka. Ga shi kuma an yi min ragi.

Bazazzagi: Yawwa, ragin ne alƙiblar taka.

Bakano: Ƙasa ai ƙasa ce.

Bazazzagi: Ina! Iska mai laima daga Bahar Maliya take tasowa, ta ratsa Tihama, wato filin bakin teku, ta kama hawan dutse. Sauda kusan mita 3,000 ne. Tana hawa tana sanyi, sai ta sauke ruwa da raɓa a fuskar yamma. Shi ya sa itatuwan ar'ar suka yi duhu a can, ganye na zuba yana ruɓewa, ƙasa ta yi baƙi tana riƙe danshi. Kafin iskar ta tsallako wajenka, ta bushe.

Bakano: Wato ragowa ake turo min?

Bazazzagi: Ragowar ma an suɗe kwanon.

Bakano: Amma fa ran nan an tafka ruwa a wajenmu.

Bazazzagi: To ina ƙasar?

Bakano: Tana kwari, a gonar wani, ita da takina. Na je karɓowa ya ce in kawo shaida.

Bazazzagi: Ƙasar da ba ciyawa, ba saiwar da za ta riƙe ta, rana ta gasa ta, me zai hana ta bin ruwa?

Bakano: Gobe yamma zan koma.

Bazazzagi: Can gangaren ya fi zurfi. Sai ka riƙa gyara katangun dutsen da kakannin mutanen wurin suka jera hawa-hawa. Guda ta rushe, ƙasarka sai Tihama.

Bakano: Ɗaukar dutse? Nawa ake biyan lebura?

Bazazzagi: Af, na manta. Nan fa ba kasuwar Kurmi ba ce, Alhaji. Makka arewa maso yamma take da Abha.

Bakano: (ya ajiye kofi) To sallolin da na yi ta yi a gona fa?

Bazazzagi: Oman ka yi ta kallo. Sai ka je ka tambayi liman.

Bakano: Shi limamin, yana ragi?