Gaba a gida ɗaya, wai don a nuna zuciya

Jiya a wajen wani suna na ga abin da ya tsaya mini a rai: mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suna zaune kan tabarma ɗaya, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Wai tun rabon gadon mahaifinsu ba su sake gaisawa ba.

'Yan'uwana matasa, yaushe gaba ta zama abin ado? Miji da mata su yi sati ba magana, sai dai a aiki yaro: "Je ka ce wa mamarka ta kawo abinci." Babban wa ya toshe lambar ƙaninsa, ƙanin kuma ya koma WhatsApp yana sakin habaici, masu zuga suna tafa masa. Haba! Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mai gaba ba ya hutawa. Yana kwance yana tisa maganar da aka faɗa masa, yana shirya martani. Jiki sai ya ɗauka faɗa ake yi, ya yi ta sakin sinadarin kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai. In abin ya daɗe, hawan jini da ciwon damuwa na iya biyo baya. Ko sallah ya tayar, hankalinsa na wajen abokin gabarsa, bai san raka'a nawa ya yi ba.

Annabi (SAW) ya iyakance ƙauracewa ga kwana uku, mafi alherin biyun kuma shi ne wanda ya fara sallama. A hadisin Muslim, duk Litinin da Alhamis ana gafarta wa bayi, amma masu gaba ana jinkirta musu sai sun shirya. Aya ta 21 a Suratur Rum natsuwa da soyayya da jinƙai ta ambata a aure. Ina natsuwa a ɗakin da ba a amsa sallama?

Ku sauke girman kan nan, ku nemi juna.

A da, kafin gaba ta kwana biyu, gwaggo ta yafa mayafi ta iso, ta zaunar da kowa, ba ta tashi sai an ci tuwo a kwano ɗaya. Yanzu gwaggon ma ba a san ƙofar gidanta ba, kuma in ta yi magana sai a ce ta cika shisshigi.