Fim ɗin Allelujah: kofin madarar dare ya fi jawabin ƙarshe faɗin gaskiya

Wanda bai kalli fim ɗin Allelujah ba, kuma ba ya son a tona masa ƙarshensa, gara ya dakata a nan, domin a kan ƙarshen ne maganata take.

Richard Eyre ne ya ba da umarnin fim ɗin, Heidi Thomas ta tsara labarin daga wasan dandamali da Alan Bennett ya rubuta, wanda aka fara nunawa a Landan a 2018. An haska shi a bikin finafinai na Toronto a 2022, ya shiga sinimomin Birtaniya a watan Maris na 2023. Labarin wani ƙaramin asibiti ne a yankin Yorkshire mai suna Bethlehem, wanda gwamnati ke shirin rufewa, mutanen gari kuma sun ce ba su san zancen ba. An gayyato 'yan talabijin su ɗauki tsofaffin da ke kwance suna rera waƙa, ko Allah zai sa masu mulki su ji tausayi.

Rabin farko raha ne da ban tausayi. Ga Judi Dench a matsayin tsohuwar ma'aikaciyar laburare mai ƙarancin magana, ga Derek Jacobi tsohon malamin makaranta mai tsatsauran ra'ayi kan nahawu, ga David Bradley tsohon mahaƙin kwal wanda ɗansa Colin ke ba ministan lafiya shawara, shawarar kuwa ita ce a rufe asibitin da mahaifinsa ke jinya. A kan kowa akwai Sista Gilpin, wadda Jennifer Saunders ta fito a matsayinta: babbar nas mai tsafta da tsari, da ake shirin ba lambar yabo saboda daɗewarta tana hidima. Sai can kusa da ƙarshe asiri ya tonu. Sista tana riƙe da jerin sunayen tsofaffin da ba sa iya riƙe fitsari da bayan gida. Wanda sunansa ya hau, da daddare sai ta kai masa madara mai ɗumi da ta zuba wa mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, gari ya waye ya mutu, gado ya samu.

Masu sharhin finafinai da dama a Birtaniya sun ji haushin wannan juyi. Hujjarsu ita ce, yaya za ka shafe sama da awa guda kana yabon NHS, wato tsarin kiwon lafiya kyauta da aka kafa a 1948, sannan ka mai da jarumar nas mai kisan kai? A ganinsu fim ɗin ya rusa kansa da kansa.

Ni a nan ne na ga ya fara magana. Gilpin ba mahaukaciya ba ce. Ma'aikaciya ce da ta fahimci abin da ake auna ta da shi: zanen gado a bushe, ɗaki ba wari, gado yana fita ana saka wani. Babu fom ɗin da ke tambaya ko tsohon da ke gado na shida ya ci abinci da daɗin rai. Idan aka daɗe ana yaba wa mutum a kan lissafi, wata rana tsohon da ke jiƙa katifa zai zama masa matsalar lissafi. Wannan bai wanke ta ba, amma ya nuna ba ita kaɗai ce da hannu ba.

Kuma ba ƙirƙira ce zalla ba. A watan Yunin 2018, wata guda kafin a buɗe wasan Bennett, wani kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon Bishop na Liverpool, James Jones, ya fitar da rahoto kan asibitin Gosport War Memorial da ke kudancin Ingila. Ya gano an taƙaita rayuwar marasa lafiya sama da 450 ta hanyar ba su magungunan kashe zafi masu ƙarfi ba tare da dalilin likitanci ba, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2001. Yawancinsu tsofaffi ne, wasu an kai su ne kawai su murmure. Nas-nas sun yi ƙorafi tun 1991, aka yi musu kunnen uwar shegu. Ƙaramin asibiti ne na gari, irin wanda jama'a ke alfahari da shi, kamar dai Bethlehem.

Matsin da ke kan gado ma gaskiya ne. Gadajen asibiti a Ingila sun ragu daga kusan 299,000 a 1987/88 zuwa kusan 141,000 a 2019/20, alhali tsofaffi ƙaruwa suke yi. A lokacin sanyin da ya gabaci fitowar fim ɗin, kowace rana akan sami mutum fiye da 12,000 da likita ya ce sun isa sallama amma suna kwance, don babu inda za a kai su. Magani a asibiti kyauta ne, amma kula da tsoho a gida ko gidan tsofaffi yana hannun ƙananan hukumomi, kuma wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. A tsakanin nan ne tsoho ke maƙalewa: bai kai ciwon da za a riƙe shi ba, bai kai lafiyar da zai koma gida ba. Don haka ko Colin, da fim ɗin ya so mu tsana, ba duk maganarsa ce banza ba. Babban asibiti mai ƙwararru yakan fi ceton rai. Abin da ya kasa faɗa shi ne inda mahaifinsa zai kwana bayan an sa wa ƙofar kwaɗo.

Inda fim ɗin ya yi rauni a wurina shi ne mintocinsa na ƙarshe. An tsallaka zuwa lokacin korona, Dakta Valentine, likita ɗan asalin Indiya da Bally Gill ya fito a matsayinsa, ya juyo ya kalli kyamara yana kare ma'aikatan lafiya. Ba wanda ke musun wahalar da suka sha, har da dubban 'yan Najeriya da ke wankewa da juya tsofaffin Ingila a asibitoci da gidajen jinya. Amma jawabin ya zo ne kamar an ji tsoron abin da aka riga aka nuna, aka yi maza aka rufe shi da yabo. Mai kallo ya fita yana tafa wa likitoci, ya manta cewa wadda ta bankaɗo Sista Gilpin tsohuwar nan ce ta laburare, da na'urar ɗaukar hoto da aka ba ta, ba shugabannin asibitin da ke shirya bikin lambar yabo ba.