Ƙannena masoya Duke da Karolina, adawa daban, gaba daban

Assalamu alaikum ƙannena, ku da muke haɗuwa da yamma a filin ƙwallon kwando, da ku da ban sani ba amma kuke raba dare kuna kallon wasannin jami'o'in Amurka a waya.

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan, da idona na gan shi. Yara biyu ne a cikinku, lungu ɗaya suka taso, keke ɗaya suke goyon juna a kai zuwa fili. Ɗaya Duke yake so, ɗaya Karolina ta Arewa. Bayan wani wasa da ƙungiyoyin biyu suka buga, tsokana ta tashi a zauren WhatsApp, tun ana dariya har aka daina, har ɗayan ya ambaci mahaifiyar ɗan'uwansa. Mako uku ke nan ba sa ga maciji. Ranar Laraba ina tsaye a gefen fili, ɗayan ya kuɓuce wa mai tsaronsa ya tsaya ƙarƙashin kwando shi kaɗai, hannunsa a sama. Mai riƙe da ƙwallon ya dube shi ido cikin ido, ya kau da kai, ya yi jifa daga nesa, ƙwallon ko ƙarfen kwandon bai taɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, don na san ba rashin iya wasa ba ne.

Tunda a kan waɗannan jami'o'i biyu kuka ɓata, bari mu yi maganarsu sosai, don na lura da yawanku launin riga da sunayen taurari kawai kuka sani.

Duke tana garin Durham, Jami'ar Karolina ta Arewa tana Chapel Hill, jiha ɗaya, tsakaninsu bai wuce tafiyar kilomita 13 zuwa 16 ba. Tun ranar 24 ga Janairun 1920 suka fara karawa, lokacin ma Duke sunanta Kwalejin Trinity. Dukansu suna cikin rukunin gasar jami'o'i na ACC tun kafa shi a 1953, shi ya sa kowace shekara sai sun haɗu aƙalla sau biyu, gida da waje. Karolina ta ɗauki kofin ƙasa na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sau 6, Duke sau 5. Maƙwabta ne na ƙut da ƙut, kasuwa ɗaya suke ci, a gida ɗaya sai ka samu miji shuɗi mai duhu na Duke yake sawa, matar shuɗi mai haske na Karolina. Ɗaliban Duke kan kafa tantuna a bakin zauren Cameron su kwana makonni cikin hunturu, don kawai su samu wurin tsayawa a zauren da bai ɗaukar fiye da mutum 9,314. Saboda haka kada wani ya zaci ina cewa ku rage son abin. Ni ma ina so, kuma Karolina nake goyon baya tun ban kai shekarunku ba.

Kuma ba zan ɓoye muku ba, an yi rashin kyautawa a tarihin nan. A Fabrairun 1961 Art Heyman na Duke da Larry Brown na Karolina suka dambace ana dab da tashi, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili, sai da 'yan sanda suka raba. Me ya biyo baya? Dakatar da su aka yi daga sauran wasannin rukunin na wannan kakar. A Maris ɗin 2007 gwiwar hannun Gerald Henderson na Duke ta fasa wa Tyler Hansbrough na Karolina hanci saura daƙiƙa 14 da ɗoriya a tashi, jini ya wanke masa fuska. Aka kori Henderson daga wasan, aka ƙara masa dakatarwar wasa ɗaya. Irin waɗannan hotunan ne kuka fi yaɗawa, kuna sa musu kiɗa, kamar su ne abin alfahari. Su kuwa masu abin hukunci suka yanka a kai.

Abin alfaharin yana wani wuri. Ku nemi wasan 2 ga Maris 1974 ku kalla. Saura daƙiƙa 17 a tashi, Duke na gaba da maki 8, kuma a lokacin babu jifan maki uku. Duk mai hankali ya san wasa ya ƙare. Yaran Dean Smith, mai horar da Karolina, ba su yarda ya ƙare ba. Suka ci biyu daga layin jifan kyauta, suka ƙwace ƙwallo suka ci, suka sake ƙwacewa suka ci, ɗan Duke ya ɓarar da nasa jifan kyautan, sannan Walter Davis ya saki ƙwallo daga wajen ƙafa 30, ya bugi allo ya faɗa kwando. Aka tafi ƙarin lokaci, Karolina ta ci 96 da 92. Babu ashar a cikin daƙiƙoƙin nan 17, babu harara. Natsuwa ce da horo da jin maganar mai horarwa. Kai da ake cinka da maki 6 saura minti biyar ka fara jan ƙafa kana neman wanda za ka ɗora wa laifi, wannan ne ya kamata ka ajiye a wayarka.

Shi Dean Smith ɗin nan, ina so ku san shi. Ya horar da Karolina daga 1961 zuwa 1997, ya ci wasa 879, ya ɗauki kofi a 1982 da 1993, a hannunsa Michael Jordan ya goge. Shi ya kawo Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba gurbin karatu kyauta don wasa, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka. Amma abin da ya fi kama ni a al'amarinsa ƙaramin abu ne. Ya koya wa 'yan wasansa cewa duk wanda ya ci ƙwallo ya nuna wanda ya miƙo masa da yatsa, don jama'a su san ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Har yau suna yi. Ka ɗora wannan a kan abin da na gani ranar Laraba, ka gaya mini wace Karolina kake so.

Shi kuma Mike Krzyzewski ya zo Duke a 1980 yana saurayin koci, ya tarar da Smith ya riga ya zama giwa a dajin. Ba su yi wa juna ta daɗi ba. A 1984 Krzyzewski ya fito fili ya yi zargin cewa ana yi wa Smith wani hukunci daban da na sauran masu horarwa a rukunin. Shekara goma sha bakwai suna fafatawa, kowa na neman kai ɗan'uwansa ƙasa. To da Smith ya rasu ranar 7 ga Fabrairun 2015, Krzyzewski ya je jana'izarsa ɗaure da laktaye mai launin Karolina. Kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar ƙungiyoyin suka haɗu a Cameron, gidan Duke. Kafin a jefa ƙwallo sama, 'yan wasan ɓangarorin biyu da masu horar da su suka taru a tsakiyar fili, suka durƙusa a da'ira, hannun wannan a kafaɗar wancan, zauren da ya yi suna wajen ihu ya yi tsit. Da suka miƙe kuma babu wanda ya ɗaga wa wani ƙafa, sai da aka kai ƙarin lokaci kafin Duke ta ci 92 da 90.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne ma ya kamata mu koya wa wasu. Bakano da Bazazzagi sun gaji tsokanar juna tun kaka da kakanni, haka Bafulatani da Babarbare. Za a yi ta ba'a har hawaye su zo don dariya, amma akwai layin da kowa ya san ba a tsallakawa, kuma idan rashi ya samu ɗaya, abokin wasan nan ne a sahun gaba wajen ɗaukar makara. Wasa yana da ladabinsa. Uwar mutum ba ta cikin wasa, talaucin gidansu ba ya ciki, lalurar jikinsa ba ta ciki. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta, da ake iya ɗaukar hotonta a ajiye shekara da shekaru.

Na san wasunku za su ce ai zafin kaye ne. To ku saurara. Ranar 5 ga Maris 2022 Krzyzewski ya yi wasansa na ƙarshe a Cameron bayan shekara 42, tsofaffin 'yan wasansa sun cika wurin don karrama shi, Karolina ta zo ta ci 94 da 81. Ya karɓi makirfo ya ba jama'a haƙuri a kan yadda ƙungiyarsa ta yi wasa, bai ɗora wa alƙalin wasa ba. Wata ɗaya bayan nan, 2 ga Afrilu, suka sake haɗuwa a New Orleans a wasan kusa da na ƙarshe, karo na farko a tarihi da suka gamu a gasar NCAA. Ba na manta daren, farkon azumi ne a wurinmu, wasan ya ƙare daidai lokacin da ake ta ɗumama abincin sahur. Mark Williams na Duke, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ɓarar da jifan kyauta biyu saura ƙasa da minti ɗaya, Caleb Love na Karolina ya jefa maki uku ta saman hannunsa, Karolina ta ci 81 da 77. A nan aikin Krzyzewski, mutumin da ya ci wasa 1,202, ya tsaya. Mai horar da Karolina a daren, Hubert Davis, ɗan wan Walter Davis ne na 1974, kuma shekararsa ta farko ke nan a kujerar. Kwana biyu kacal bayan wannan murna, Karolina ta je hutun rabin lokaci tana gaban Kansas da maki 15 a wasan ƙarshe, aka dawo aka cinye ta 72 da 69. Ni da na yi murna ranar Lahadi da asuba, ranar Talata da asuba shiru na yi. Wanda ya zagi abokinsa a daren farko, da wane ido zai dube shi a na biyu?

Akwai wani abu da nake zargin shi ne a ƙarƙashin wannan zafin, kuma gara in faɗe shi a fili: caca. Da na fara kallon wasannin nan, idan an ci ƙungiyarka ranka ya sosu na yini ɗaya, shi ke nan. Yanzu sai in ga yaro ya yi zufa, hannunsa na rawa, yana duba wata manhaja a waya fiye da yadda yake duba wasan. Wanda ya sa kuɗin makarantarsa ko jarin shagon yayansa a kan wasa ba zai iya ɗaukar tsokana ba, don ba maki aka ci shi ba, aljihunsa aka yashe. Haramcinta kun sani, ba sai na karanto muku ba. Can Amurka ma da aka halatta ta kuka suke yi. A Maris ɗin 2024 jihar Karolina ta Arewa ta buɗe cacar wasanni ta intanet, kuma a cikin watan Armando Bacot, ɗan wasan Karolina, ya gaya wa 'yan jarida cewa bayan wani wasa da suka ci ya samu saƙonni wajen 100 na cin mutunci daga waɗanda suka yi caca a kan yawan ƙwallon da zai cafko daga kwando. Ƙungiyarsa ta yi nasara, amma ana zaginsa. Shugaban NCAA, Charlie Baker, ya nemi jihohi su hana irin wannan caca a kan ɗalibai ɗai-ɗai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: ɗalibi ya yi gumi, kai ka yi asara, ka ɓata da abokinka, kamfanin caca ya kwashe.

Sai maganar barci. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa shida ne a lokacin sanyi, wasan da aka fara ƙarfe 9 na dare a can ƙarfe 3 na dare ne a nan. Idan kallon zai sa ka makara sallar asuba ko ka yi gyangyaɗi a aji, bar shi, da safe za ka same shi cikakke a intanet. Waɗanda kake kallo ɗalibai ne, kuma ƙungiyoyin maza a babban rukunin NCAA sun haura 350, alhali NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ba ta zaɓar fiye da mutum 60 a shekara. Galibinsu takardar digiri ce za ta ciyar da su. Idan karatun ya zama wasa kuma abin kunya ne ko a can: binciken da aka fitar a 2014 ya nuna ɗalibai kimanin 3,100 a Jami'ar Karolina, kusan rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki darussan da ba a shiga aji, tsawon shekara 18. Ƙungiyata ce, amma tabo ne, kuma ban taɓa kare shi ba.

Wanda yake son ya kai can da gaske, ya dubi Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu da ya taso a Yuganda yana ɗan gudun hijira, ya bi ta makarantar NBA da ke Senegal, ya buga wa Duke a kakar 2024 zuwa 2025, aka zaɓe shi na 10 a NBA. Horo ya kai shi da yardar Allah. A fili ake wannan aikin, da abokan da za su miƙo maka ƙwallo, da abokin adawar da zai matsa maka har ka gyara hannunka na hagu.

Ku biyun da na fara da maganarku, kun san kanku, kuma ban faɗi sunanku ba don ina ganin girman iyayenku. Kai da ka yi zagin, yau ba gobe ba, ka taka har gidansu, ba saƙon waya ba, ka gaishe da Umma ka nemi gafarar ɗan'uwanka. Kai kuma da aka zaga, an cuce ka, ban musa ba, amma idan ya zo ka fito ka karɓi hannunsa. Ranar Asabar ƙarfe 4 da rabi bayan la'asar ƙungiya ɗaya zan sa ku, kowa ya zo da rigar da yake so. Duk wanda ya ci a cikinku, ina so in ga yatsansa yana nuna wanda ya miƙo masa.