Sada zumunci muke yi, ko biyan bashi?

Yau na ji wani bawan Allah yana faɗa, har da bugun ƙirji: "Ni wanda ya neme ni shi nake nema. Wanda ya share ni, na share shi." Kuma a ransa yana cikin masu zumunci. Subhanallahi!

'Yan uwa, ai ba a sada abin da yake haɗe. Sai za mu rabu muke cewa "Allah ya sada mu da alheri". Igiya ma wurin da ta tsinke ake ƙullawa. To yaya aka yi da muka zo kan dangi, sai sadawa ta koma ka zo mini in zo maka?

Annabi (SAW) ya riga ya raba gardama a hadisin Abdullahi ɗan Amr da Bukhari ya ruwaito: mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda idan aka yanke masa zumunci sai ya sada.

Ƙanwarka ba ta zo duba ka a asibiti ba, ka riƙe. Yayanka ya faɗi magana wajen rabon gado, shekara da shekaru ko sallama babu. 'Yar uwa, lambar goggonki tana cikin wayarki, kina ganin hotunanta a WhatsApp, amma wai ke ba za ki fara ba, kada ta ga kamar kin sauko. To ki sauko mana! Ga 'ya'yanku sun tashi ba su san juna ba, su kuma laifin me suka yi?

Na san da ciwo, wallahi na sani. Amma ya kai na Sayyidina Abubakar? Misɗahu ɗan uwansa ne, talaka, shi yake ciyar da shi, amma ya sa baki a ƙagen da aka yi wa Nana A'isha. 'Yar cikinsa fa! Ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana tambayar ko ba ku son Allah ya gafarta muku, sai ya ce yana so, ya mayar masa da ciyarwar.

Kai me aka yi maka?

Don Allah ka kira shi yau. Ba sai kun tono abin da ya wuce ba, gaisuwa kawai, ka tambayi iyali. Idan bai ɗauka ba, gobe ka sake kira. Don girman Allah, ka kira.