A gina gidajen, amma ina ruwan sama zai bi?

Muhawarar da ake yi a unguwarmu kan sabon rukunin gidajen da wani kamfani zai gina ta raba mutane gida biyu, kuma a ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Waɗannan suna cewa ci gaba ne ya zo, za a yi kwalta, filaye za su yi daraja. Waɗancan suna cewa masu kuɗi za su zo su kewaye kansu da katanga, haya ta fi ƙarfin talaka. Har an fara gaba tsakanin mutanen da suke sallah a sahu ɗaya.

Ni dai ina cikin masu cewa a gina. Kano tana bukatar gidaje, wannan ba abin musu ba ne. A ƙidayar 2006 mutanen jihar sun haura miliyan 9, kuma yaran da aka haifa a wancan lokacin su ne yanzu suke shirin aure. Saurayi zai haɗa lefe, ya biya sadaki, a ɗaga biki saboda an rasa ɗaki da falo na haya. Wanda kuma yake cewa kada a taɓa ko'ina, ya tuna cewa Rijiyar Zaki da Ɗorayi da Gaida da Ɗanbare yawancinsu gonaki ne a da. Gidan da yake ciki ma a kan gonar wani yake.

Abin da yake hana ni barci shi ne rabin filin nan kududdufi ne. Kududdufan Kano ba ramukan banza ba ne. Daga cikinsu kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina gidaje da badala, daga baya suka zama wurin da ruwan damina yake taruwa. Yanzu tifa ce take shiga tana fita, ana juye ɓaraguzai da shara ana cike shi. To ruwan da ya saba kwana a nan duk watan Agusta, ina za shi? Gidan da ya fi kowane gangare zai nufa, kuma mai wannan gida ba ya cikin waɗanda za su sayi sabon gini. A daminar bara, tun an cike gefe ɗaya kawai, na ga wata baiwar Allah da goyo a bayanta tana kwarfe ruwa da kwano daga tsakar gida cikin dare. Washegari katifunta suna shanye a kan katanga, buhun garin da ta ajiye ya zama kunu. Wallahi ba wanda ya zo ya ce mata sannu daga cikin masu aikin.

Ga kuma ruwan sha. Famfo ya daɗe da ɗaukewa a nan, rijiya da 'yan garuwa muke dogaro da su. Kowane sabon gida zai haƙa burtsatse mai zurfi, rijiyoyinmu da ba su kai su zurfi ba su ne za su fara ƙafewa da rani, kuɗin jarka ya ƙaru. Taransifomarmu ɗaya ce, ko yanzu tana kuka.

Doka ba ta bar wannan a hannun dillalai ba. Tun dokar filaye ta 1978, filayen cikin birni amana ce a hannun gwamna, kuma hukumar tsara birane ta KNUPDA ce take amincewa da zanen gini. Ke nan akwai takarda, akwai zane, kuma babu laifi maƙwabta su nemi a nuna musu. Mu ma da namu kason laifin: awon igiya muka saya, lungu ko mota ba ta iya juyawa, ba a bar filin makaranta ba, ba a bar na maƙabarta ba. Yau idan aka yi rasuwa sai an ɗauki gawa zuwa wata unguwa. Mun ɗanɗana, shi ya sa ba ma so a maimaita. Kuma duk wanda ya ga rusau ɗin watan Yunin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ya san irin dukiyar da ake asara idan aka yi gini kafin a gama magana.

Sai tambayar su wa ake gina wa. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo an tsara su da tituna da magudanai, amma gidaje da yawa a cikinsu sun yi shekaru a kulle, alhali malamin makaranta yana neman ɗaki biyu.

Don haka roƙona ga mai unguwa da limamanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya: a daina taron cacar baki a ƙofar masallaci. A kira mai kamfanin ya zo da zanensa da shaidar amincewar hukuma, a shimfiɗa a gaban kowa. Ya nuna inda babbar kwata za ta bi har ta haɗu da ta bakin titi, a gina ta da kwalbatinta kafin a aza harsashin gida ko ɗaya. Ya kawo tasa taransifomar, ya ware filin makaranta, a rubuta, dagaci ya sa hannu. Kuma a gayyato matan gidajen gangare su faɗi da bakinsu iya inda ruwa ya kai musu bara.